Ƙaramin Daro

Kumasi, watan Afirilu

Zuwa ga ƙanena Ziblim, a Tamaligu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Fuseina da yara. Ka gaishe mini da dattijon gidanmu Baba Napari da ƙarfi, yadda kunnensa zai ji. Ni ma da sauƙi, ban da abin da ya sa na ɗauki biro.

Wuyana ne. Ka san ba yau ya fara ba, kuma babu 'yar dako a kasuwar nan da ba ta kwana da irinsa. Amma tun bayan salla abin ya gangaro kafaɗar dama, ya bi hannu har babban yatsa da manuni, kamar tururuwa na yawo a ciki. Kwanaki ina ɗauke da tumatir ɗin wata mata, na ɗaga hannu in dafe daro, hannun ya ƙi zuwa. Tumatir ya watse a kwalta, motoci suka bi ta kai. Na tsaya ina jiran zagi, har na fara shirya nawa. Sai matar ta kama hannuna ta ce, "Tun yaushe yake yi miki haka?"

Ashe a asibiti take aiki, ɓangaren gashin ƙashi. Sunanta Akosuwa. Ta sa aka ɗauki hoton wuyana, ta kara shi a jikin fitila ta nuna mini. Ta ce tsakanin kowane ƙashi da ɗan'uwansa akwai ɗan abu mai laushi, nawa ya baje kamar tsohon gammo, shi ne yake danne jijiyar da ta tafi hannu.

Na ce, "Madam, yanka ni za ku yi?"

Ta ce, "Ba ki kai nan ba, amma kina bakin ƙofa. In kika ajiye daro har ƙarshen damina, kika yi abin da zan koya miki, hannun zai dawo. In kika ci gaba da ɗauka, wata rana zai tafi ya bar ki, kuma ba ni da abin da zan kira shi da shi."

Na ce, "To in na ajiye daro, cikina wa zai ɗauke shi?"

Ta yi dariya, amma ba ta bar maganar ba. Ta haɗa ni da wata Mami Sarwa mai sayar da shinkafa da wake, ina tsince mata wake a zaune, tana ba ni abinci da ɗan abin da zan biya wurin kwana. Na bakin mutum ɗaya ne, kada ka sa rai da saƙo bana. Na ji tsoro, Ziblim. Tun rasuwar mijina ban ji tsoro irin wannan ba. Macen da ba ta da ɗa ba ta da miji, in hannun dama ya tafi, me ya rage mata?

Ka ba ni labarin 'yarka Sanatu. Ina tsayinta ya kai yanzu? Ita ke ɗebo ruwa? Da wane irin daro take ɗebowa, kuma cika shi take yi? Ka dubi wuyanta da kyau ka faɗa mini. Ka ba Wumbei direba amsa in ya dawo da motar doya.

Yayarka,
Damata

Tamaligu, watan Mayu

Zuwa ga Yaya Damata.

Gaisuwa da ladabi. Muna lafiya, mun gode Allah. An yi ruwa mai kyau, na gama tada kunyar doya, na shuka gyaɗa. Baba Napari ya amsa, ya ce har yanzu bai ga tabar da kika yi masa alkawari ba.

Labarin wuyanki ya tayar mana da hankali. Ni a ganina ki dawo gida. Tiya maɗori yana nan, ko watan jiya ya ja wuyan wani ɗan Sakulo har aka ji ƙarar daga waje, mutumin ya tashi yana waige kamar yaro. Ita wannan matar ta asibiti ba ta ba ki allura ba, ba ta ba ki ƙwaya ba, sai dai ki zauna. To zama magani ne? Ga garin magani nan Tiya ya bayar, a kwaɓa da man kaɗe a shafa safe da yamma. Na lura rubutunki ya fara kwanciya gefe ɗaya, da ba haka yake ba.

Kin tambayi Sanatu. Ta wuce kafaɗar uwarta. Ita ke ɗebo mana ruwa daga tafki, kuma da babban daron Fuseina take ɗebowa, cike taf, ko dafewa ba ta yi. Matan unguwa har tsayawa suke suna kallonta, suna cewa wuyan goggonta ta ɗauko. A makaranta ma ba ta da na biyu. Shugaban makarantar ya ce in Allah ya kai mu Satumba za ta wuce babbar makaranta a Karaga, an riga an rubuta sunanta. Ke kin san ni ban yi nisa ba, shi ya sa in tana karatu da ƙarfi nake barin abin da nake yi in saurara, ko ban gane ba.

Fuseina ta ce in tambaye ki ko lafiya kike binciken ƙarfin yarinyar haka dalla-dalla. Na ce mata ta yi shiru, goggo tana da ikon tambaya.

Ƙanenki,
Ziblim

Kumasi, watan Yuni

Ziblim,

Ina gaishe ku duka. Na ji daɗin labarin ruwa. Garin maganin ya iso, ina kwaɓawa da man kaɗe ina shafawa, ka gode wa Tiya. Amma maganar ya ja mini wuya, ka bar ta. Na faɗa wa Akosuwa, ta dafe ƙirji ta ce irin wuyana in aka fizge shi sau ɗaya an gama. Kai ma ka ce mutumin Sakulo ya tashi, ba ka faɗi waɗanda ba su tashi ba.

Ka ce zama ba magani ba ne. Wa ya ce maka zama nake yi? Da ka ga yayarka da safe da ka yi dariya har ka faɗi. Ina jingina da bango, in ja haɓa baya a hankali, in riƙe, in saki. In matse kafaɗu baya kamar mai son su gaisa. In gasa wuyan da tsumma mai ɗumi. An hana ni yin matashi da ƙullin kayana, yanzu zane ɗaya nake naɗewa siriri in sa a ƙarƙashin wuya. Tiren waken ma a kan turmi nake ɗora shi don kada in sunkuya. 'Yan matan ɗakinmu sun sa mini suna Kunkuru. Memuna, wadda muke haɗa tabarma, in ta shigo sai ta ce, "Goggo Kunkuru, an shiga gida ko an fito?" In ce mata, "Ki jira, naki wuyan na tafe, zan ara miki bangon."

Amma abin yana yi. Shekaranjiya na riƙe kofin koko na ji zafinsa a babban yatsa. Na tsaya riƙe da shi yana ƙona ni, na ƙi ajiyewa saboda murna.

Akwai wata tsohuwa Ayishetu, 'yar Gushegu, da ke zama a ƙofar masallacin unguwarmu. A da ita ke ɗaukar abin da maza biyu ke ɗora mata da kyar. Yanzu hannayenta na kan cinya kamar ba nata ba, zanenta ma sai an ɗaura mata. Na daɗe ina wuce ta ina jefa mata sadaka, ban taɓa tambayar abin da ya same ta ba sai bana.

Abin da ka rubuta game da Sanatu da daron uwarta ya tsaya mini a rai. Ga ƙaramin daro nan na ba Wumbei, da zane mai laushi na gammo. Nata ne. Ka karɓe na Fuseina daga hannunta, ta fara sabawa da wannan tun yanzu. Akwai magana mai tsawo da nake son yi da kai a kanta, amma Wumbei na ta danna hon, hannun kuma ya gaji.

Damata

Kumasi, watan Yuli

Ziblim,

Gaisuwa gare ku. Ina samun sauƙi, jiya har allura na zura wa zare. Wumbei bai zo ba tun wancan karon, shi ya sa na ba wani direban Tamale wannan, ya ce zai miƙa ta ga masu zuwa Karaga.

Ga maganar da na ce zan yi. Akosuwa ta tambaye ni tun ina da shekara nawa na fara ɗaukar kaya. Na ce mata ban sani ba, ƙanena dai shi ne kaya na farko da na ɗauka, kuma ƙaton kai gare shi. Ta ce to tun lokacin ciwon ya fara. Ƙashin yaro bai gama ƙwari ba, abin da aka danne a yarinta shi ke fitowa a girma. Matan da ke yaba wuyan Sanatu, haka aka yaba nawa.

Saboda haka na aika ƙaramin daro. Kada ta ƙara ɗaukar babba. Gara ta je sau biyu da rabin kaya. In za ta ɗauka ta durƙusa da gwiwa, bayanta a miƙe, wani ya ɗora mata, wani ya sauke mata. In an kira ta da kaya a kai, ta juyo da jikinta duka, kada ta murɗa wuya. Abin da ya fi ma, kana da keke. Ka ɗaura jarkoki ka ɗebo wa gidanka ruwa. Na san maza za su yi maka dariya a gindin bishiya, dariya ba ta karya kowa ba.

Ta tafi Karaga ta yi karatunta. Ko bayan raina ban yarda yarinyar nan ta taka Kumasi da daro ba.

Damata

Tamaligu, watan Yuli

Zuwa ga Yaya Damata.

Gaisuwa da ladabi. Muna lafiya. Wannan takarda Sanatu ce za ta miƙa miki ita da hannunta.

Daro da gammo sun iso tun watan jiya. Mun jira doguwar maganar da kika ce za ki yi, ba ta zo ba, sai na gane ba kya son ki faɗa da bakinki ne, kin bar mini in yi hankali. Na kai kayan gaban Baba Napari. Ya juya daron, ya ce irinsa ake fara ba sababbin 'yan mata a kasuwar Kumasi. Ya ce goggon da ta tambayi tsayin yarinya da ƙarfinta, ta aiko mata da daro da gammo, ta ce ta fara sabawa, ai ta gama magana.

Ban manta ba, Yaya. Ranar sunan Sanatu ke kika ɗaura mata duwatsu a hannu a gaban dangi, aka ce wannan ta Damata ce. Kin bar mana ita duk shekarun nan ba ki nema ba, mun gode. Yanzu hannunki ya gaza, ba ki da mai ɗauka a madadinki, kin nemi abinki. Ba a hana goggo 'yar ɗan'uwanta, kuma ba a kaina za a fara ba.

Fuseina ta daina yi mini magana. Na je na gaya wa shugaban makaranta, sai ya rufe littafinsa kawai. Ita yarinyar ba ta yi kuka a gabana ba. Ta tambaya ko za ta tafi da littattafanta, na ce ta bar su, nauyi ne.

Wumbei ne zai kawo ta, ya ce wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe, rafi ya fara cin hanya. Abu ɗaya nake roƙo, ba ta son barkono da yawa.

Ƙanenki,
Ziblim

Kumasi, watan Agusta

Ziblim,

Ina fata kuna lafiya. Ni ba na lafiya, kuma kai ne sanadi.

Ina zaune ina tsintar wake na ɗaga ido na ga yarinya tsaye da ƙaramin darona a hannu. Ta durƙusa ta ce, "Goggo, na zo." Na karanta takardarka, na sake karantawa, don na ɗauka idona ne. Kai da Baba Napari kuka zauna kuka juya daro kamar masu duba, kuka karanta abin da ban rubuta ba. Tsohon da bai jin kiran salla shi ya ji abin da ke zuciyata daga Kumasi? Yaushe na taɓa jin kunyar faɗa maka magana? Ni da na wanke maka kashi. Da ina son yarinyar ai da na ce ka aiko ta. Wasiƙata ta watan Yuli ba ta zo maka ba ke nan. In ta zo ka karanta ta a gaban Fuseina.

Ka san inda ka aiko 'yarka? Ɗakin katako ne, muna kwance kamar kifi a kwando, in ɗaya ta juya sai kowa ya juya. Kowane kai da kuɗin kwanansa. Mami Sarwa ta ce ba ta da aikin mutum biyu. Abincina muke rabawa, tana cewa ta ƙoshi, ina cewa na ƙoshi, kowa ya san ƙaryar ɗan'uwansa.

Ranar Asabar na dawo daga asibiti ban same ta ba. Na bi kasuwa ina nema, na hango ta a layin masu rogo, wani ƙato yana loda mata kaya, ya haura bakin daro. Wuyanta yana rawa, tana murmushi don kada a ce ba ta iya ba. Na ce masa, "Sauke." Ya ce, "'Yarki ce?" Na ce, "Sauke, ko in tara maka kasuwar nan." A hanya ta ce, "Goggo, ai don wannan aka aiko ni. Baba ya ce hannunki ya gaza, ni ce hannunki." Ban taɓa jin maganar da ta ƙona ni kamar wannan ba. Na ɓoye daron a wurin Mami Sarwa, amma daron aro ba ya wuya a nan, kuma ba zan iya tsare ta kullum ba.

Ka sayar da akuya, ka aiko da kuɗin mota ta hannun duk wanda ka samu. Dole ta kasance a Karaga kafin a ba wani gurbinta. Hannuna saura kaɗan ya warke, Akosuwa ta ce in daure zuwa Oktoba. Kada ka sa ni zaɓi.

Damata

Tamaligu, farkon Satumba

Zuwa ga Yaya Damata.

Gaisuwa da ladabi. Muna nan cikin ruwa, amma lafiya. Rafi ya raba mu da kowa, sai da na haye a kwalekwale na je Karaga na tarar da wasiƙunki biyu a shagon mai magani, ta Yuli da ta Agusta tare. Ta Yulin ta jiƙe amma tana karantuwa. A nan bakin shagon na zauna, na daɗe ban tashi ba.

Na yi kuskure, Yaya. Na karanta wa Fuseina kamar yadda kika ce. Ta ce ita tun farko ta ce a tambaye ki, kuma gaskiya ta faɗa.

Amma ki duba halin da nake ciki. Akuyoyin ciwo ya shiga cikinsu, waɗanda suka rage ba mai saye. Doya ba ta isa haƙa ba, rumbu ya kusa ƙarewa. Sannan na koma wurin Baba Napari. Ya ce yarinyar da aka kai wa goggo, uba ba ya aika kuɗi a dawo da ita, sai a ce ya ƙwace. In kuma ke kika maido ta da wuri haka, za a ce wani aibi kika gani a jikinta, maganar za ta bi ta har ranar aurenta. Ya ce a bari a yi girbi, ta zo da sunan ganin gida, sai ta zauna shiru. Na roƙi shugaban makaranta, ya ce za a riƙe mata wuri zuwa ƙarshen watan nan, bayan haka ba ya da iko. In ta rasa bana, wataƙila baɗi.

Ki yi haƙuri zuwa Nuwamba. Yarinyar tana da ƙarfi. In ta ɗan ɗauki marar nauyi na wata biyu don ku ci abinci, ba na jin zai yi mata komai. Ke dai ki kula da hannunki.

Ƙanenki,
Ziblim

Kumasi, watan Satumba

Ziblim,

Ina gaishe ku. Za ka ga rubutun ya fi nawa kyau. Sanatu ce ke rubutawa, ni ina faɗa, kuma na ce ta rubuta komai yadda na faɗa ko da ya shafi ubanta.

Wata biyu na marar nauyi, ka ce. Ni ma da niyyar wata biyu na zo garin nan, lokacin kana ɗan saurayi. Ban taɓa ganin wadda ta rasa makaranta bana ta koma baɗi ba, kuma a kasuwar nan mai kaya ne ke yanke nauyi, ba mai wuya ba.

Ranar da takardarka ta zo na je na karɓi babban darona a wurin Mami Sarwa. Ta riƙe shi ta ce, "Damata, kin haukace?" Na ce, "Saki, Mami." Na zaunar da Sanatu a kan tiren wake a madadina, ni na koma layin masu doya, inda ake biya da kyau. Na yi duk yadda aka koya mini, na durƙusa da gwiwa, na sa a ɗora mini a sauke mini. Kwanakin farko na ce ko Allah ya rufa asiri. Daga baya tururuwar ta dawo, daga ita sai wuta tun daga wuya har yatsu. Ana cikin haka wata safiya na tashi ba ciwo ko kaɗan. Na miƙa hannu in ɗauki buta, yatsun suka ƙi rufewa. Lokacin kuɗin motar ya riga ya cika.

Na je wurin Akosuwa don kada ta ji a bakin wani. Ta sa ni in matse yatsunta, ban iya ba. Ta ce, "Kin ɗauka." Na ce, "Na ɗauka." Na gaya mata dalili. Na so ta yi mini faɗa, da ya fi mini sauƙi. Ta juya baya tana gyara kayan da ba su buƙatar gyara. Ta ce yanzu magana ta koma wurin likitoci masu wuƙa, su ma ba su da tabbas. Ta ce in ci gaba da zuwa, wani abu yakan dawo, ba duka ba.

Memuna za ta gida, ita za ta raka Sanatu har Karaga, ta miƙa ta makaranta kafin ta kawo maka wannan. Ka gaya wa Baba Napari yarinyar tawa ce, haka ne. To ni goggonta na aike ta makaranta, aikin da na sa ta ke nan. Duk wanda ya ce aibi na gani ya zo Kumasi ya tambaye ni, bakina bai mutu ba.

Ƙaramin daron yana cikin kayanta. Ruwa rabi kawai za a riƙa zuba mata a ciki.

Kada ka zauna kana cin kanka. Ni ma da na tsaya na gama maganata ranar nan, na bar Wumbei ya yi ta hon ɗinsa, da ba a kai nan ba. Mai rubutun tana kuka tana ɓata mini takarda, bari in tsaya.

Damata

Tamaligu, watan Oktoba

Zuwa ga Yaya Damata.

Gaisuwa da ladabi. Muna lafiya, ruwa ya janye, an fara haƙar doya.

Sanatu tana makaranta. Na je na gan ta ranar kasuwar Karaga, na kai mata littattafan da na ce ta bari. Ta gaishe ni da ladabi, amma ba ta dubi idona ba. Ta nuna mini yadda kike jan haɓa a jikin bango, ta ce kin ce ni ma in riƙa yi, wai wuyana ya ƙage tun ina yaro.

Da Memuna ta ba ni takardarki, tun kafin in karanta na ga rubutun 'yata a inda na saba ganin naki. Na fito da tsofaffin wasiƙunki na jera su. Ta watan Yuli, wadda ta makale a hanya, ita ce rubutunta ya fi miƙewa duka. Hannun ya riga ya dawo, Yaya. Ni na karɓe shi.

Na ɗaura jarkoki a keke. Ana dariya a gindin bishiya kamar yadda kika ce, har an ce ko Fuseina ce ta biya sadakina. Ƙaramin daron kuwa, Fuseina ta kifa shi a ɗakin da muka share miki, ta ce ba mai taɓa shi.

Wumbei zai yi lodin farko ranar kasuwa mai zuwa, zan hau kan doya in zo. In Akosuwa ta ce ki zauna don gashin, zan zauna tare da ke, maza ma suna tura kura a kasuwar nan an ce. In ta sallame ki mu dawo tare. Ki ce wa wata ta haɗa miki kayanki, kada ki ɗaga komai, ni zan ɗauka.

Kada ki wahala neman mai rubuta miki amsa. Na san mai yi miki rubutu tana Karaga.

Ƙanenki,
Ziblim